Tambari Biyu a Lasisina

Daren Talata, 12 ga Sha'aban, Birnin Gwari

Barci ya ƙi zuwa. Yau a Kaduna akawun inshora ya ga tambarin kotu biyu a lasisina, ya ce, "Malam Garba, Baturen kamfaninmu ya ƙara maka kuɗi bana. Ka sake na uku, babu ruwanmu da motarka."

Duka laifin ɗaya ne, lodin fasinja fiye da ƙa'ida. Na biya tara, ashe da sauran biya. To wa zan bari a tsakiyar dajin nan, rana na faɗuwa? Kawu Ibro, da ya riƙe ni tun ina maraya?

Gobe kasuwa. Zai tsaya gindin ɗorawar nan da buhun dawarsa, ya ɗaga mini hannu, mota cike. Na san ƙafata, birki za ta taka.