Layi a Wuyan Matuƙin Jirgi

Talata, da dare

Ba za a kai zanena birnin Lyon ba.

Madam, malamarmu, ita ce ta sa mu zana matuƙan jiragen yaƙi na da, saboda ranar tunawa da su, wanda ya fi kyau a baje shi can. Na daɗe a kan nawa: jirgi cikin hayaƙi, matuƙin tsaye da hular fata. Da na gama sai na ja siririn layi a wuyansa, yadda Inna ta koya mini tun muna Maraɗi, don kada hoto ya zama kamar mai rai.

Madam ta yi ta kallon layin. "Hadiza, me ya sa kika yanke masa wuya?"

Duk aji suka juyo. Na san amsar, wallahi na sani, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ta ɗauki zanen ta kai ofishin darakta.

An kira Baba lakwal, wato makarantarmu, gobe. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ai sai ki yi musu bayani, ɗiyata." Faransancinsa bai kai ba. Ni ce zan yi magana.