Gidan Tsattsewar Abu Fahad

Asabar, 5 ga Maris, 2016

Wata bakwai ke nan ina gadin gidan da ba kowa a ciki. Kafilina Abu Fahad, uban gidan da takarduna suke hannunsa, ya je yawo Malesiya, ya ga ana gina wa tsattsewa gida, tana yin sheƙa da yawunta, mutanen Sin suna saye su yi miya. Miyar yawu! Ya dawo ya ta da bene hawa uku a gonarsa ta bayan unguwar Sulay, nan Saudiyya, ba taga sai kafa ɗaya a sama. Ya cire ni daga tuƙi ya ajiye ni nan: in kunna kukan tsuntsu a lasifika, in fesa ruwa don a sami danshi, in duba ma'aunin zafi.

Yau na sake roƙonsa huruj, izinin fita in leƙa gida. Ya ce, "Ba'aden, ya Nu'uman. Tsuntsaye su zauna tukuna." Wato sai nan gaba. Fasfona yana durowarsa. 'Yata Kyauta ta shiga shekara uku, ban taɓa ɗaukarta ba.

Alhamis, 17 ga Maris

Tattabaru biyu suka shigo. Na kore su.

Juma'a, 8 ga Afrilu

Da Abu Fahad ya ce haske ne matsalar, na shafe bango da baƙin fenti. Sai ya ce tsaka ce, na bi su da takalmi. Yanzu kuma wai wari ne babu. An aiko masa da buhun kashin tsattsewa daga can, na dama da ruwa na yaɓe bango. A masallaci Mahamadu ɗan Maraɗi ya matsa gefe, yana cewa, "Kai ɗan'uwa, wane shago ake saida wannan turare?"

Talata, 19 ga Afrilu

Da la'asar na ga tsattsewa sun fi goma a sama. Na hau tsani a guje har na ƙuje gwiwa. Suka zagaya sau biyu suka wuce, ko kallon kafar ba su yi ba.

Matata Biba ta kira. Wai Kyauta ƙanina Isiyaku take ce wa Baba. Na yi dariya don kada Biba ta gane. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Juma'a, 13 ga Mayu

A kasuwar Bat'ha na haɗu da wani direba ɗan Indonesiya, mahaifinsa yana da irin gidan nan a garinsu. Na nuna masa hoton namu. Ya yi dariya har ya dafa mota, da ya kalli fuskata ya daina. Ya ce, "Sadik, wannan tsuntsu mafi a Saudiyya," wato, aboki, babu tsuntsun nan a Saudiyya. Wai sai inda ake ruwan sama da daji da ƙwari. Waɗanda na gani wani iri ne dabam, sheƙarsu ba ta miya ba ce. Ko shekara ɗari zan yi ina kunna lasifika, ba mai zuwa.

Ashe ba abin da ya lalace, balle in gyara.

Dole in faɗa wa Abu Fahad. To amma mutumin da yake kawo baƙi duk Asabar yana nuna musu benen nan da sanda, ni zan ce masa ya yi shirme? Mahamadu ya ce in ya fusata zai iya kai ƙarata cewa na gudu, iƙamata, takardar izinin zamana, ta mutu, in ƙare a hannun 'yan sanda. In na yi shiru kuma, ni da gida sai a waya. Duk inda na juya bango ne.

Asabar, 28 ga Mayu

Abu Fahad ya zo shi kaɗai da hantsi. Kwana goma sha biyar ina haɗa Larabcin da zan yi masa, har na haddace. Ya tambaya, "Fi jadid?" wato ko da wani sabon abu.

Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa kafar ce take kallon yamma, iskar zafi na hana su shiga, a fasa wata ta gabas. Ya ji daɗi, ya dafa kafaɗata, ya ce ni kaɗai ne na fahimci aikin nan. Maganar huruj ma ban tayar ba.

Ba tsoro ba ne, ina jin. Bayan ya tafi na ɗauki guduma na hau, na auna wurin sosai. Gaskiya ta gabas ɗin za ta fi.

Biba ta kira sau uku ina sama. Ina ganin sunanta, na bar wayar tana ƙara.