Halliru Biyu, Ranar Haihuwa Ɗaya

Manchesta, Ingila

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Baba. Ya ƙafar taki? An kwashe albasa?

Inna, albishirinki! Na samu gida! Ki ce wa matata Rahama da zarar ta sauka lafiya za mu fara shirin tahowarta.

Ban gaya miki ba, wata huɗu ina kwana falon wani abokina. Ba wata wahala, baya ne kawai ke ɗan ciwo. Duk gidan haya da na nema sai a hana ni. Ashe nan kowa na da takardar da ke nuna bashin da ya ci da yadda ya biya, ita masu gida ke dubawa. Na nemi tawa, sai ga bashin wayar da ban taɓa riƙewa ba!

Kin san mi ya faru? Wani Halliru Goronyo ne, ɗan ƙauyen Boyekai, ya taɓa zama gidan da na fara sauka. Sunanmu ɗaya, kuma shi ma ɗaya ga Janairu anka rubuta mishi ranar haihuwa, kamar rabin garinmu. Sai masu ajiye takardar sunka haɗe mu. Na rubuta ƙorafi, na tura fasfo, sunka goge bashin, sannan na samu gidan. Yanzu kowane wata sai na duba takardar.

Don Allah, ranar da Rahama ta haihu, a rubuta kwanan wata nan take. Kada a ce "lokacin albasa". Ni ranar kowa anka ba ni. Jikanki dai ya samu tasa.

Allah shi ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Halliru