Dutsen Kabarin Malam Kuwabara

Zuwa ga Hibino Keisuke,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zafin bana bai galabaitar da kai ba. Ni ce Tomie, matar malaminka Kuwabara. Na ga kukan da ka sha ranar jana'iza, har ka fi ni.

Kafin ya cika ya bar mini wasiyya mai wahala, kamar yadda ya saba barin komai. Wai a kafa masa a kabari dutse daga "shimfiɗar manya", can tudun da ya ƙare rayuwarsa yana ƙwanƙwasa. Na tambayi mai sassaƙa duwatsun kabari, ya ce bai san wannan ba. Ni kuwa duk zamanmu ban taɓa tambayarsa ba, don haushin duwatsun nan nake ji. Ka nemo mini shi kafin addu'ar cikar shekara a kaka, kada 'yan'uwansa su ce na yi watsi da maganarsa.

Ka huta lafiya,
Tomie

Zuwa ga Inna Tomie,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Na je tudun, ga abin da na tarar.

Wurin nan a da ƙasan teku ne, dutsen kuma gawarwakin wasu ƙananan halittu ne masu ɓawo, muna kiransu fuzulina. Shimfiɗa-shimfiɗa suke. Na can ƙasa ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, na tsakiya kuma zagayayyu kamar wake. A baƙar shimfiɗar da ke bisansu ne suka ƙasaita, wani ya kai gaɓar yatsa. Ita Malam yake kira ta manya. Daga nan zuwa sama sai su ɓace, sai 'yan tsirarun da suka tsira, waɗanda ido ba ya gani.

Inna, masu haƙar farar ƙasa sun cinye shimfiɗar manya. Tsohon mai gadin ya ce mini, "Yaro, ka makara. Je ka nemi malaminka a bangon gadoji, ya zama siminti." Guntayen da Malam ya kai jami'armu kuma an yanka su sirara don dubawa. Na zauna a bakin ramin, raina ya ɓaci ƙwarai. Ko akwai wani dutse da ya rage a gida?

Ɗalibinsa,
Keisuke

Keisuke,

Gaisuwa, da ban gajiyar hawan tudu. Ashe shinkafa da wake yake bi ya bar nawa suna hucewa a kan tebur!

Duwatsun gida duk na ba jami'arku, guda ɗaya ne ya rage. Shekarar da muka yi aure ya shigo da shi a baya, yana haki, ya dire mini a madafa. Na ce, "Matan mutane ana kawo musu mayafi, ni dutse?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Wannan ya fi mayafi daɗewa." Don in ƙular da shi na ɗora shi a kan gangar da nake danne daikon, farin tushen nan mai kama da karas, da gishiri don ya yi tsami, kuma har yau a nan yake. Baƙi ne, da fararen zane-zane. Na fasa ɗan gefe da gudumarsa, ga shi a cikin ambulan. Ka yi haƙuri da warin.

Tomie

Zuwa ga Inna Tomie,

Ina gaisuwa. Shi ne! Manyan ne cunkushe a ciki, ban taɓa ganin masu kyansu ba. Tun yana saurayi ya samo mafi kyau, bai kai shi jami'a ba, bai ko faɗa wa kowa ba.

Na yi magana da mai sassaƙa. Zai goge shi ya kafa shi a fuskar kabarin, kuma zai gama kafin addu'ar. Ki ba ni izini in zo da mota ranar Asabar.

Naki cikin girmamawa,
Keisuke

Keisuke,

Na gode, ɗana, amma kada ka zo da mota.

Jiya na ɗaga dutsen zan wanke maka, na kasa. Ba nauyinsa ne ya hana ni ba. Ka samo masa na saman nan, na 'yan tsirarun da suka tsira, 'yan'uwansa su faɗi abin da za su faɗa. Tudu guda na bar masa tsawon rayuwarsa ban hana shi ba. Wannan ni ya kawo wa. Ranar da kuka binne ni kusa da malaminka, sai ka ɗora mana shi tare.

Ka zo da kanka dai, ka ci abinci.

Tomie