Azurfar Baba da Yaya Ya Goge

Omori, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Norio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Haruyo da yara can Brazil. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban hoton Baba, ina roƙa maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan ƙalau, an gama girbin shinkafa, Inna Tome ma ta fara takawa da sanda.

Norio, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka tuna tsofaffin sulallan azurfar Baba, masu kusurwa huɗu na zamanin mayaƙan samurai na da, da ya shekara arba'in yana tarawa? Kowanne a naɗe cikin takarda, ya rubuta inda ya samo shi da hannunsa. Gidan tarihin garinmu ya yarda zai baje su da sunansa a bazara, burinsa ke nan har ya rasu. To, ana jibi addu'ar cikar Baba shekara bakwai da rasuwa, sai Yaya Masaharu ya kwaso su, wai sun yi duhu, abin kunya ne dangi su gan su haka. Ya zauna da man goge baki da tsumma ya dirje su tas, takardun kuma ya haɗa da shara ya ƙona. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa zama Baba ya nuna masa hatimin da ke jikinsu ba! Da na yi magana, cewa ya yi ni da Baba duk ƙauyanci ke damunmu, azurfa ai don ƙyalli aka yi ta.

Duk da haka na kai su gidan tarihin. Ma'aikacin ya juya ɗaya a tafin hannunsa, sannan ya ce duhun nan shi ne shaidar shekarunsu. Yanzu ga ƙarce ko'ina, babu takardu, ba za su iya karɓa ba. Ya yi ta sunkuyawa yana ba ni haƙuri. Yaya kuwa har yau jira yake a yi masa godiya.

Guda ɗaya ya tsira, wanda Baba ke ajiyewa a aljihun rigarsa ta sanyi. Ga shi nan cikin wasiƙar, baƙi ƙirin yadda ya bar shi. Ba na son ya ƙara kwana gida ɗaya da Yaya.

Ka gaida Haruyo da Emiko da Paulo. Inna Tome na gaisuwa. Yaya bai ce a gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Don Allah, Norio, kada ka wanke shi.

Yayarka,
Setsuko