Wata Mata da Na Tsinta a Kasuwar Lagdo

Garwa, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da mahaifiyarmu Dada. Na ba direban motar kifi wannan takarda ne saboda kwana uku ke nan ina kiran wayar Dada ba ta ɗauka.

Kin san makarantarmu ta koyon kasuwanci tana neman ƙulla yarjejeniya da wata jami'a ta Beljiyam, kuma ni aka ɗora wa sabon darasin cinikin ƙasa da ƙasa. Shekara biyu ina karanta wa ɗalibai labarin kamfanonin motocin Jamus da tasoshin jiragen ruwan Sin, suna ta hamma, don yawancinsu ko teku ba su taɓa gani ba. Shi ya sa na roƙi Dada ta shigo aji ranar da baƙi daga jami'ar suka zo.

Mardiya, da ma kin gani da idonki. Ta bayyana yadda take raba banda kashi uku, na Yola da na Marwa da na Njamena, da irin kifin da kowane gari yake so. Ta faɗi yadda ta juya motocinta shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, da dalilin da ya sa ba ta sauke kaya wurin fatoma, wato mai masaukin fatake, in dai ba ta taɓa cin abincin gidansa ba. Tana yi da Hausa, ni ina juyawa zuwa Faransanci. Shugabar baƙin, Madam Aurélie, sai da ta cika shafi huɗu. Direktanmu Mushe Bertrand har hannuna ya riƙe.

Amma tana gamawa ta gyara mayafinta ta hau moto, wato babur na haya, zuwa tasha, ko ruwa ba ta sha ba. Yanzu baƙin suna so ta dawo ranar 28 ga wata su ɗauke ta a bidiyo, a sa cikin manhajar makarantun biyu. Ki taimaka ki lallashe ta. Idan gajiya ce, zan turo mota.

Ki gaishe ta da kyau, ki gaida kowa.

Yayanki,
Dakta Sabi'u

Lagdo, 7 ga Nuwamba

Yaya Dakta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na ga har a takardar ƙanwarka sai da ka sa Dakta, to Allah ya ƙara girma.

Na karanta wa Dada. Ta saurara har ƙarshe tana juya tarwaɗarta a kan wuta, sannan ta ce in miƙo mata kwali. Sai da na matsa mata kwana biyu kafin ta buɗe baki.

Yaya, da wane yare kake zaton Dada take rigima da 'yan duwan, wato kwastan, shekara talatin? Ba ta iya karanta Faransanci ba, kuma ba ta yin sa a gabanmu don kada mu yi mata dariya, amma tana jin sa sarai. Ta ce da Baturiyar ta tambaye ka inda ka samo wannan mata mai basira, ka ce wata 'yar kasuwa ce da ka tsinta a kasuwar Lagdo lokacin da kake bincike. Tsinta ka ce, Yaya, kamar wani ɗan kunne.

Ba ma wannan ne ya fi yi mata ciwo ba. Baturiyar ta sake tambaya ko cikin 'ya'yanta akwai wanda ya yi karatu, sai Dada ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ka san dalili, ka fi ni sani. Kai ne ɗan farinta. Tunda ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, balle ta nuna ka a gaban jama'a ta ce ga nawa. Idan tana maganarka sai dai ta ce yayanku. Ta yi shirun ne tana jira ka faɗa da bakinka, don wannan kai ya kamata ka faɗa. Kai kuwa ka juya ka ce wa Baturiyar wai ba ta son a taɓo maganar iyalinta.

Ka san kunya ba za ta bar ta ta ƙaryata ka ba, shi ya sa ka laɓe a bayan kunyar. Ni dai ina rubuta maka wannan fuskata tana zafi kamar ni na yi. Ba zan lallashe ta ba.

Ka huta lafiya.

Mardiya

Garwa, 10 ga Nuwamba

Mardiya,

Sallama da gaisuwa. Na samu takardarki ina shirin shiga aji, na kasa shiga. Na ce wa ɗalibai kaina ke ciwo.

Duk abin da Dada ta faɗa haka aka yi. Ban shirya ƙaryar ba, sai dai jin ta na yi tana fita daga bakina a sauƙaƙe, wanda ya nuna mini ta daɗe a ciki. Shekarata ta farko a Turai Dada ta aiko mini da banda ta hannun wani ɗan Marwa. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi ya buɗe taga, ya toshe hanci, ya ba kowa labari a wurin cin abinci. Tun daga ranar, idan aka tambaye ni sana'ar uwata sai in ce tana harkar shige da ficen kaya. Ba hujja nake kawowa ba, ina gaya miki inda abin ya faro ne. Kifin da na ji kunyar warinsa shi ya kai ni ɗakin.

Na kasa kallon kaina a madubi in sa kwat. Ga atamfa turmi biyu nan wurin direba, ki ba ta, ki ce ina neman gafara. Asabar ina tafe.

Yayanki,
Sabi'u

Lagdo, 12 ga Nuwamba

Yaya,

Muna gaisuwa. Ga atamfarka nan na mayar wa direba. Dada ba ta ce a mayar ba, ko kallon ta ma ba ta yi ba, ni ce na ga bai dace ba.

Kada ka zo Asabar. Idan ka zo za ta sa a yi maka tuwo da miyar kifi, ta amsa gaisuwarka tana kallon gefe kamar kullum, ka koma Garwa kana zaton an gama. Ba a tsakar gidanmu ka yi abin nan ba, a gaban mutum sittin ka yi shi. Kai malami ne, ba sai na faɗa maka sauran ba.

Sai na ji daga gare ka.

Ƙanwarka,
Mardiya

Garwa, 19 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya.

Jiya Litinin na roƙi Mushe Bertrand ya zauna mini a aji. Na ajiye takardun darasi, na ce matar da ta koyar da su ranar nan, Hajiya Hawa'u, ita ta haife ni, kuma abin da na faɗa wa baƙi ƙarya ne. Na faɗa da Faransanci, na maimaita da Hausa da Fulatanci, don kada wani ya ce bai ji ba.

Na zata za a yi surutu ko dariya. Babu wanda ya motsa. Can sai wata ɗaliba 'yar Kusiri mai suna Ache ta ɗaga hannu.

"Malam, ai mun sani," in ji ta. "Kawuna ne fatomanta a Kusiri. Rabin ajin nan sun san Hajiya."

Na tambaye ta me ya hana su magana. Ta ce ranar, su biyar suka bi Dada bakin ƙofa suna gaishe ta, ransu a ɓace saboda abin da suka ji. Dada ta tsaya ta dube su, ta ce: "Kada in ji wani ya tayar masa da maganar nan. Malaminku ne, ku girmama shi."

Mardiya, mako biyu ina shiga ajin nan ina ɗaga kafaɗa, ashe kowa rufa mini asiri yake yi bisa umarninta. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Da muka fita Direkta ya ce in rubuta wa Madam Aurélie da hannuna in gyara abin da na faɗa. Na rubuta yau da safe. Ko za su fasa zuwa, ban sani ba.

Ba na roƙon Dada ta zo. Ki dai karanta mata wannan, kada ki tsallake komai.

Sabi'u

Lagdo, 23 ga Nuwamba

Zuwa ga yayan Mardiya,

Bayan gaisuwa. Ni ke faɗa, Mardiya ke rubutawa.

An karanta mini. Zan zo ranar Alhamis, ko Turawan sun zo ko ba su zo ba, don yaran sun tambaye ni hanyar Njamena ban gama ba su amsa ba. Yarinyar nan ta Kusiri ce za ta juya mini magana.

Batun yafiya kuwa ba a takarda ake yin sa ba, kuma ban shirya ba tukuna. A dai nemi wuri cikin ɗaliban a zauna, a zo da abin rubutu.

Allah ya yi albarka.

Hawa'u mai kifi