Farin Zane a Igiyar Tarrant

Litinin, 4 ga Maris

'Yata Glenda ta faɗo min da rana tsaka, ko takalmi ba ta kakkaɓe ba, ta zubar min da ƙanƙara a tsakar ɗaki. Ta dire littattafan talla biyu a kan tebur, wai kyautar cikata shekara sittin da biyar ke nan. Yawon shan iska a jirgin ruwa, ni da ita, kwana tara a gaɓar kudu. In zaɓi ɗaya kafin ashirin da biyu ga wata.

Na ce ni Effie, da na yi shekara talatin ina feɗe kifi a kamfani, ni za a biya kuɗi a nuna wa ruwa? Ta ce, "Mama, ke dai ba a yi miki gwaninta." Ba ta yi ƙarya ba.

Jirgi ɗaya ƙato ne, hawa goma sha biyu, har da wurin ninkaya a samansa. Shi can tsakiyar teku yake bi, sai a manyan garuruwa yake tsayawa. Ɗayan ƙarami, Petrel Ann, mutum casa'in yake ɗauka, yana bin gefen gaɓa yana leƙa kowane lungu. Nan take na ce babban. Ta ce in dai karanta tukuna.

Laraba, 6 ga Maris

Da na sani da ban buɗe littafin ƙaramin ba.

Shafi na bakwai, Tarrant. Ƙauyenmu. Sun rubuta wai "ƙauyen da aka manta", kamar mu da muka fito daga cikinsa duk mun mutu. Tun 1972 da gwamnati ta kwashe mu ba wanda ya sake kwana a can. Rufin coci ya rufta. Gidan su Ambrose, yayan mijina, ya kwanta. Namu, na ƙarshe a kan dutse, yana nan tsaye. Kuma a igiyar shanya ta bayan gida akwai farin zanen gado.

A Tarrant ba a shanya fari in maza suna kan ruwa. Mai launi dai, ko nawa ne. Fari kuwa kira ne. Mutum na can yana jan taru, ya ɗaga kai ya ga fari a igiyar gidansa, to ya saki komai ya juyo, ko haihuwa ce ko ciwo ko mutuwa. Ba waya a lokacin. Ranar da aka kawo ni amarya, kafin uwar mijina ta nuna min inda gishiri yake, wannan ta fara gaya min.

Na kife littafin na ɗora tukunya a kai.

Asabar, 9 ga Maris

Na sayi gilashin ƙara girman rubutu. Akwai duhu-duhu a kusurwar zanen ta ƙasa, daidai inda na taɓa yi wa nawa zanen faci.

Talata, 12 ga Maris

Na buga wa ofishin masu jirgin. Wata yarinya mai zaƙin murya, Krista. Na ce hoton shafi na bakwai, yaushe aka ɗauka? Ta ce bara, watan Yuli. Na ce wa ke zaune a gidan? Ta yi dariya, wai ba kowa Mama, abin da ya sa baƙi ke son wurin ke nan. Na ce to wa ya yi shanya?

Na ji tana juya shafi. Ta ce, "Kai, ni fa ban taɓa lura ba." Sai ta koma yi min tallar ɗaki mai taga.

Glenda ta kira da yamma, wai na zaɓa? Na ce babban, na gaya miki tun farko. Ta ce babban ai ko gaɓa ba za mu gani ba, ita kuma tana son ganin inda aka haife ta. Watanta bakwai muka rasa ubanta, shekararta ɗaya da rabi muka taso. Ban taɓa mai da ita ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan coci na je gidan tsofaffi wurin Ambrose, yayan mijina. Shekararsa tamanin da huɗu. Wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan matarsa. Na kai masa burodi da maɗi. Ban san abin da ya sa na ɗauki littafin ba.

Ya daɗe yana kallon hoton, hancinsa kusan a kan takarda. Sai ya ce, "Effie, kin sake shanyawa ke nan."

Na ce Yaya, me kake nufi da sakewa?

Ya ce, "Ina bayan ƙanena a ranar. Kwalekwalena na bin nasa. Hazo ya yaye, na gani, shi ma ya gani." Ya gutsuri burodi. "Na yi masa ihu ya zagaya. Ya nuna min gida da hannu."

Shekara arba'in da ɗaya wannan mutum yana zuwa cin abincin Kirsimeti a gidana, bai taɓa ɗaga zancen ba. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Yarinya ce ke, ga goyo. Uwarmu da ta cinye ki ɗanye." Daga nan ya shiga tambayata ko an shigo da tumaki, na san hankalinsa ya tafi.

Da na miƙe zan fita ya riƙo hannun rigata. Ya ce, "Wanda ke tudu shi ke shanyawa, ai kin sani. Ki je ki ji me ake so."

Alhamis, 21 ga Maris

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zan huta.

Oktoba, 1971. Glenda ta kwana tana amai, ta ɓata duk zannuwan gado masu launi, har da farin. Da safe ta warware sarai, tana wasa da cokali. Mijina Leander ya fita kamun kifi tun asuba. Na yi wanki. Na shanya masu launi, sai farin ya rage a bokiti, kuma shi kaɗai ne mai saurin bushewa. Hazo ya rufe ko'ina, ko bakin ruwa ba na hange. Na ce awa ɗaya dai, wa zai gani? Na shanya na shiga kwaɓa fulawa.

Hanya biyu ce zuwa Tarrant daga wurin kamun kifi. Ko ka zagaya bayan tsibiri, minti arba'in, ko ka ratsa Ƙofa, tsakanin duwatsu biyun nan, minti goma. In teku ta kumbura ba mai hankalin da ke shiga Ƙofa. Ran nan ta kumbura. Da na fito zubar da ruwa rana ta fito tas, zanen na kaɗawa, kwalekwalen Leander kuma ya riga ya sa kai tsakanin duwatsun.

Kafin in ruga bakin ruwa sai da na tsaya na sauke zanen. Wannan ne ba na iya yafe wa kaina. Na cusa shi jiƙe a saman rufin kicin, bayan bututun hayaƙi, sannan na fara kururuwa. Can na bar shi ranar da muka tashi.

Ba a ga gawarsa ba. Gari ya yi ta mamaki, Leander da ko tsani ba ya hawa sai ya girgiza shi, me ya kai shi Ƙofa? Aka tsayar a kan ganganci ne, na bari aka tsayar. Glenda da haka ta tashi. Ko a watan jiya da mijinta ya so ratsa kan ƙanƙara da mota, ina ji ta ce masa, "Ubana don ya rage rabin awa ya bar ni marainiya, kai ma gwada." Ina zaune a kujerar baya, na bar ta a haka.

Tun daga ranar ban sake shanya fari a waje ba. Glenda na min tsiya, wai ni kaɗai ce a tsibirinmu na Newfoundland ke busar da fararen kaya a bayan kujera.

Juma'a, 22 ga Maris

Na kira ta na ce ƙaramin. Ta ce me ya sauya? Na ce babban ya cika mutane.

Lahadi, 14 ga Yuli

Kwana biyu a jirgi. Abinci ba laifi, sai dai shayinsu ruwa ne kawai. Baƙin duk 'yan nesa ne, kowa da na'urar hangen tsuntsaye a wuya. Wata ta tambaye ni ko rayuwar ƙauyen masunta na da daɗi. Na ce ƙwarai, musamman in kina son sanyi da jana'iza. Glenda ta taka min ƙafa.

Ban taɓa ganin gaɓarmu daga wannan gefen ba. Mu mata daga tudu muke kallon ruwa. Ashe haka gidaje ke zama ƙanana.

Talata, 16 ga Yuli

Tarrant.

Wajen ƙarfe goma jirgi ya tsaya a wurin kamun kifin, daidai inda mazanmu ke zuba taru. Hazo ya rufe gaɓa. Muna jingine da ƙarfen baranda, ni da Glenda, sai ya fara yayewa daga sama. Kafin coci, kafin komai, farin na fara gani. Daga nan ba ya ɓuya ko kaɗan. Duk shekarun nan ina lallashin kaina cewa wataƙila bai gani ba, wataƙila wani abu ne daban ya juyo da shi.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya yi min. Wallahi ji na yi in faɗa ruwa in yi iyo. Ba tunani, ba komai, gida kawai. A nan na san abin da Leander ya ji.

Aka sauke mu a kwalekwalen roba, mu goma. Mai tuƙin ya ce yau ruwa kwance yake, zai ratsa da mu tsakanin duwatsun nan mu sha kallo. Na ce ba da ni a ciki ba. Ya ce Mama minti goma ne. Na ce na fi ka sanin ko minti nawa ne, zagaya. Ban san da wace murya na faɗa ba, amma ya zagaya, kuma ba wanda ya yi gunaguni.

Sauran suka nufi coci. Mu muka hau dutse. Ciyawa har gwiwa, ba sawun kowa. Zanen ya yi rawaya ta gefe, amma shi ne, ga facin shuɗi da na yanka daga tsohuwar rigar aikinsa, ga ɗinkina mai karkata. A jiƙe yake sharkaf, alhali kwana huɗu ba a yi ruwan sama ba. Na taɓa na kai baki. Gishiri.

Glenda ta ce ƙila mafarauta ne suka kwana a gidan suka samo shi. Ƙila. Amma ba igiyata ba ce. Igiyar taru ce mai kwalta, kuma ƙullin da ke jikin sandar ninki biyu ne da wutsiya a soke ta ƙasa. Ambrose kan yi wa Leander dariya a kan ƙullin nan, wai ɓata igiya ne.

Na ce ta kama min mu ninke. Ta kama kusurwa biyu, na kama biyu. Muna matsowa muna ja da baya, na gaya mata. Duka, har da tsayawar da na yi na ɓoye kafin in yi kururuwa. Ba ta saki zanen ba. Muka haɗe a ninkin ƙarshe.

Ta ce, "Ke nan saboda ni ya shiga."

Na ce saboda ke. Ya ɗauka ciwonki ne ya tashi.

Ta ce, "Kina ji ina zaginsa, Mama. Shekara nawa kina ji."

Ta karɓe zanen daga hannuna, ta rungume shi da jiƙarsa, ta gangara gaba ta bar ni.

Laraba, 17 ga Yuli

Ba ta yi min magana ba yau. Ɗaki ɗaya, gado biyu. Ta nemi hoton ubanta da ke jakata, na miƙa mata.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ambrose ya rasu muna kan ruwa, ranar Talatar da muka je Tarrant, da safe. Ma'aikaciyar gidan ta ce ya tambayi ƙarfe nawa, aka ce sha ɗaya saura, ya ce to ta iso, ya juya bango.

Litinin, 5 ga Agusta

Glenda ta kawo zanen, ta wanke shi. Har yanzu magana sama-sama, amma ta zauna ta sha shayi, ta tambaye ni ko ubanta yana waƙa a da. Na ce yana yi, ba daɗi. Ta kusa yin dariya.

Zanen bai bushe ba, gidanta ba wurin shanya. Na fita da shi bayan gida na rataya a igiya, don kawai bayan kujera ba zai ɗauke shi ba, ba wani abu ba. Daga nan ba a hangen teku, sai rufin kantin taya.

Duk da haka na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hanya. Na ji bakina yana cewa lafiyarta lau, Leander, ta girma, kada ka yi sauri, ka zagayo.

Ya bushe kafin la'asar. Na sauke na shimfiɗa a gadona.